Kunnen dokin da ba a yi wa gumi ba

Duk mai bibiyar buɗaɗɗiyar gasar ches ya san abin da ke faruwa a zagayen ƙarshe. Gwanaye biyu da ke saman teburi su zauna, su yi taku goma ko goma sha biyu, su miƙa wa juna hannu, shi ke nan an tashi kunnen doki. Kowa ya samu rabin maki, kuɗin kyauta ya tabbata. A can ƙarshen zauren kuwa, yaron da ya biya kuɗin rajista da na mota yana nan yana gumi awa huɗu a kan allo. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba canjaras ɗin nake ƙi ba. A 2018 a Landan, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun yi kunnen doki a duk wasanni 12 na kambun duniya, amma wasan farko kaɗai sai da ya kai taku 115. An gwabza, kowa ya ji a jikinsa.

Abin da ya faru a Samarkand a Disambar 2023 shi ne ya fito da cutar fili. A gasar duniya ta wasan gaggawa, Daniil Dubov da Ian Nepomniachtchi ba su taɓa komai ba sai dawakai, suna kai su suna dawo da su, har suka amince da canjaras. Alƙalin wasa ya ba kowannensu sifili. Ƙarshenta Dubov ya zo na biyu, rabin maki tak tsakaninsa da Carlsen, wato daidai abin da aka ƙwace masa. Hukuncin ya yi mini daidai. Laifinsu kawai shi ne sun yi a bainar jama'a abin da wasu ke yi cikin dabara.

Na san hujjar gwanayen: da wannan suke ci da iyali, kasada ɗaya na iya cinye kuɗin jirgi da masauki. Gaskiya ne, sai dai ba wanda ya tilasta musu shiga gasa.

Maganin ma ba sabo ba ne. Tun 2005 gasar Sofiya ta Bulgeriya ta hana ɗan wasa tayin canjaras kai tsaye ga abokin karawarsa, kuma dokokin hukumar ches ta duniya, FIDE, sun ba masu shirya gasa damar hana shi kafin wani adadin taku. Masu shirya buɗaɗɗun gasa, don Allah ku sa dokar taku 30 a rubuce tun kafin zagayen farko.