Gadar Ciyawar Da Ake Sake Tufkawa Duk Shekara

A lardin Canas na yankin Cusco, can ƙasar Peru, akwai gadar da ta ratsa kwazazzabon kogin Apurimak. Tsawonta kusan mita 28 ne, kuma ko ƙusa ɗaya babu a jikinta, balle siminti. Da ciyawa aka yi ta. Sunanta Q'eswachaka, wato gadar igiya a harshen Kechuwa, kuma ita ce ta rage cikin irin waɗannan gadoji na tsohuwar daular Inka. Duk watan Yuni ƙauyuka huɗu kan yi mata gayya, su sare tsohuwa su saƙa sabuwa cikin kwana uku.

Tun daga gida aikin yake farawa. Kowane iyali zai yanko wata ciyawar kan tudu mai ƙarfi da suke kira q'oya, a buga ta da dutse har ta yi laushi, a jiƙa. Mata ne ke murza ta a tafin hannu ta zama siririn zare. Duk wanda ya taɓa tufka igiyar rama ya san cewa idan murza ta yi sako-sako igiya za ta saki, idan ta yi tsauri kuma za ta karye. Maza sai su haɗa zaruruwan su tufka igiyoyi, sannan su kitsa su uku-uku su zama manya masu kauri. Guda shida ake bukata: huɗu su zama daɓen tafiya, biyu su zama madafa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda tsohuwar gadar ke yin aikinta na ƙarshe. Ta kanta ake tsallakar da sababbin igiyoyi zuwa ɗaya gaɓar, sannan a yanke ta ta faɗa kogi, inda za ta ruɓe kamar kowace ciyawa. Sai majiya ƙarfi su yi ta ja, suna ɗaure igiyoyin a ginshiƙan dutse har su miƙe daidai da juna, domin idan ɗaya ta fi saki, gadar za ta karkace.

A rana ta uku gwanayen saƙa, waɗanda ake kira chakaruwaq, kan hau igiyoyin kamar mai hawan doki, ƙafafu na reto a kan ruwa. Daga gaɓoɓin biyu suke farowa, suna ɗaure daɓe da madafa da ƙananan igiyoyi, har su haɗu a tsakiya. Rana ta huɗu ta kiɗa da rawa ce. Fitaccen gwani Victoriano Arizapana wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar saƙar gadar.

Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wannan ilimi cikin al'adun gado na duniya a 2013. Da annobar korona ta hana gayyar 2020, gadar ta ruɓe ta faɗi a Maris 2021. Da Yuni ya zagayo, mutanen ƙauyukan suka yanko ciyawa suka sake saƙa ta, domin kowane gida yana da wanda ya iya murza zaren tun yana yaro.