4.3 Sharhi Kan Saitin Kwamfutar Kwaikwayo a Gwajin Syzkaller

A wannan sashe za a duba yadda ake saita kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja ke ƙagowa a cikin wata kwamfuta ta zahiri, domin gwada juriyar kanel na Linux. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke raba wa sauran manhajoji furosesa da memori. An ɗauki Syzkaller a matsayin misali, manhajar da Dmitry Vyukov na kamfanin Google ya fito da ita a shekarar 2015. Aikinta shi ne ta riƙa yi wa kanel ruwan umarni barkatai har sai ya faɗi. Da yake faɗuwar ake nema, a kwamfutar kwaikwayo ake yin gwajin, galibi ta QEMU da KVM, domin in ta mutu nan take a ta da wata.

Misalin saitin da ke cikin jagorar manhajar ya tanadi kwamfutoci 4, kowace da furosesa 2 da memori megabait 2048. Ba a musun hikimar wannan tsari, domin ƙananan kwamfutoci sun fi saurin tashi, kuma gwaji mai yawa ya fi kama aibi. Inda gizo ke saƙar shi ne mai gwaji ya ɗauki misalin tamkar doka.

Idan aka lura, aibin da ya fi wuyar kamawa a kanel shi ne na rige-rige, inda ayyuka biyu ke taɓa wuri guda a memori a lokaci guda. Aibin da aka yi wa laƙabi da Dirty COW na wannan aji ne. Ya zauna a Linux tun 2007 ba a toshe shi ba sai 2016, kuma yana bai wa ɗan kutse ikon shugaban kwamfuta, har a wayoyin Android. Irin wannan aibi yana buƙatar ayyuka su yi karo, yawan karon kuwa ya danganta da adadin furosesa. Kafin fitowar QEMU 2.9 a 2017, in ba a haɗa shi da KVM ba, QEMU kan tafiyar da furosesocin kwaikwayo ne ɗaya bayan ɗaya, ko da an rubuta takwas a saiti. Ke nan mai gwaji na ganin takwas a allo, alhali bi da bi suke aiki. Haka kuma, idan aka kwaikwayi furosesar ARM a kan ta Intel, wasu kurakuran jeranta karatu da rubutu a memori ba sa bayyana, saboda Intel ta fi ARM tsauri a wannan fanni.

To amma ƙara adadi barkatai ma ba magani ba ne. In furosesocin kwaikwayo suka zarce na zahiri, uwar kwamfuta kan dakatar da wasu, sai kanel ya yi zaton ya cije, ya kai ƙarar aibin da babu shi. Masu gyara kuwa lokacinsu ne ke tafiya wajen bin irin wannan rahoto.

Batun memori bai kai wannan sarƙaƙiya ba. KASAN, wanda ke kama taɓa memorin da aka riga aka saki, kan cinye kashi ɗaya cikin takwas. In ragowar ta yi kaɗan, kanel na iya kashe manhajar gwajin ita kanta. Duk da haka, sai a cikin ƙunci ne ake motsa sassan kanel masu ƙwato memori, don haka yalwa ma tana ɓoye nata.

A ra'ayin mai wannan bincike, raunin jagorar shi ne ta nuna yadda za a cike gurbin kowane adadi, amma ba ta tsaya ta bayyana irin aibin da kowane zaɓi ke ɓoyewa ba. Ya kamata a riƙa sauya saitin daga zagaye zuwa zagaye, sannan duk rahoton da ya ce kanel ya jure gwaji ya zo tare da adadin furosesa da memorin da aka yi gwajin da su.