Saniyar da Ba Ta da Tozo

 Wata ɗiyar yayata ce ta sa ni wannan rubutu. Makarantarsu ta kwashe su daga nan ƙasar Dambatta zuwa yawon buɗe ido a duwatsun Birnin Kudu, garin da yake cikin Jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Da ta dawo na ce, "'Yata, me kika gano?" Ta ce sun shimfiɗa tabarmi, sun ci dambu, sun sha hoto. Zanen fa? Wai ita ba ta matsa kusa ba, an ce aikin aljanu ne. Amma ƙawarta ta sa gawayi ta rubuta sunanta da na saurayinta a jikin dutse. Haba jama'a!

Mu nan gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa, ko kogon da akuya za ta fake da ƙyar ka samu. Shi ya sa ba mu san darajar abin ba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen da suka yi da jan launi, kuma akasarinsu ba su da tozo. Ki leƙa turken maigidanki, duk bijimin huɗar da ke ɗaure da tozonsa. Ke nan dutsen yana gaya miki an yi zamanin da kiwon ƙasar nan daban yake da na yau. Wane aljani ne ya damu da tozon saniya?

Wani Bature, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kan wurin tun wajen 1956, har da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙarfe. An ruwaito cewa a da amare da ƙawayensu kan je Dutsen Murufu su yi wannan kiɗa gab da biki. Ashe ma gadon namu ne, mu mata.

Can a Nijar, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabous, tsayinsa ya wuce mita 5. A da mutane sukan taso daga Faransa su kafa tanti a Sahara, su kwana cikin sanyi, don kawai su gan shi da hasken safiya. Mu kuwa namu yana nan bayan Wudil, mun je mun bar masa leda da ƙashin kaza.

Laifin ba na yara ba ne kaɗai. Uwar da ta ce "aljanu" ta rufe bakin tambaya, malamin da ya kai su bai yi bayani ba shi ma da nasa. Don Allah 'yar uwa, in 'yarki za ta irin wannan tafiya, ki ce mata ta duba da ido, kada ta taɓa, ta dawo ta ba ki labari. Allah Ya sa mu gyara, amin.