Lincoln a Wurno, Sardauna a Rabah: yaushe za mu ga shugaba yana aiki a fim ɗin Hausa?

Fim: Lincoln (2012)
Darakta: Steven Spielberg
Tsara labari: Tony Kushner
'Yan wasa: Daniel Day-Lewis, Sally Field, Tommy Lee Jones, David Strathairn
Tsawo: minti 150

Mai karatu, bari in fara da tambaya. A duk finafinan Hausa da ka kalla, sau nawa ka ga shugaba a zaune yana aiki? Ba ina nufin ya fito daga mota ana riƙe masa ƙofa, ko ya hakimce a kujera fadawa na cewa "an gaishe ka" ba. Ina nufin takardu a gabansa, masu koke a bakin ƙofa, ga shawara biyu kowacce da cutarwarta, kuma dole ya zaɓi ɗaya kafin gari ya waye.

Abin da ya jawo tambayar shi ne ziyarar da na kai wa kawuna a Wurno lokacin ciran albasa. Da dare na kunna wannan fim a kwamfutata, ya matso da tabarmarsa, ina yi masa fassara sama-sama. Can ya ga wani dogon mutum ramamme, lulluɓe da bargo, ya durƙusa yana gyara wutar murhu da hannunsa. Sai ya ce, "Kai ɗana, wanga shi na shugaban Amurka? Ai ko uban ƙasarmu ya hi shi cika ido." Muka yi dariya. Amma har fim ya ƙare bai tashi ba, ga shi kuwa ba rawa ba waƙa, kuma ba ya jin Turanci. Da na tambaye shi abin da ya zaunar da shi, cewa ya yi yana so ya ga ko ƙuri'un za su cika.

Labarin a taƙaice

Fim ɗin bai bi Abraham Lincoln daga haihuwa zuwa mutuwa ba. Watanni huɗun ƙarshe na rayuwarsa kawai ya ɗauka, kuma akasarinsa a watan Janairu 1865 ne. Yaƙin basasar da aka fara a 1861 ya kusa ƙarewa. Lincoln yana so Majalisar Wakilai ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda zai haramta bauta, tun kafin a yi sulhu. Tsoronsa shi ne in aka tsagaita wuta, masu goyon bayan gyaran don kawai a karya lagon Kudu za su janye jiki. Ana buƙatar kashi biyu bisa uku, jam'iyyarsa kuma ba ta da su. Sai an samo ƙuri'a wajen 20 daga 'yan adawa.

To ta yaya? Nan ne Spielberg ya yi abin da ya burge ni. Sakataren harkokin waje, William Seward, ya ɗauko wasu dillalan siyasa uku, suka bi 'yan majalisar da suka faɗi zaɓe ɗaya bayan ɗaya, suna yi musu alkawarin aikin gwamnati: wannan shugaban gidan waya, wancan mai karɓar haraji. Shi kansa shugaban ya jinkirta isowar wakilan Kudu masu neman sulhu, da majalisa ta tambaya kuma ya aika da takarda mai harshen damo, wadda ba za ka kira ta ƙarya ba, ba kuma za ka rantse gaskiya ce ba. Ranar 31 ga Janairu 1865 aka kaɗa ƙuri'a, 119 suka amince, 56 suka ƙi.

Abin yabawa

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan fitowa. Akwai inda wasu mata da miji daga jihar Missouri suka shigo ofishinsa da koke a kan wata rumfar karɓar kuɗin hanya. Ana tsakiyar yaƙi, amma ga shugaban ƙasa yana sauraren rigimar rumfa. Kafin su fita, Seward ya yi wa matar tambaya a kan gyaran tsarin mulki, amsarta kuma ta nuna musu ainihin ra'ayin talaka fiye da kowane rahoto. Akwai inda ya tashi sakatarensa cikin tsakar dare a kan takardar wani soja ɗan shekara 16 da za a rataye, ya sa hannu ya yafe masa. Akwai kuma ɗakin wayar tangaraho, inda ya zauna da samari biyu masu aika saƙo, yana juya magana a ransa kafin ya canza umarnin da ya riga ya bayar.

Daniel Day-Lewis, wanda ya ci kambun Oscar ɗinsa na uku da wannan rawa a 2013, bai yi wasan da tsawa ba. Siririyar murya ya yi amfani da ita, da tafiyar mai ciwon baya, da dogayen labaran ban dariya da ke ƙular da ministocinsa. Darakta bai ɓoye aibunsa ba: mun ga ya mari babban ɗansa a bainar jama'a, mun ga shi da matarsa suna sa-in-sa a kan ɗansu da ya rasu. Hasken ma ya dace da zamanin, domin ɗakunan duhu-duhu ne, sai fitila da taga. Babu fitowar da aka sa don kawai a nuna kayan ɗaki.

Kurakurai

Duk da haka akwai gyara. Fim ne a kan 'yanta bayi, amma baƙaƙen fatar da ke ciki yawancinsu 'yan kallo ne: mai ɗinkin uwargida, mai hidimar gida, sojojin da suka buɗe fim. Frederick Douglass, tsohon bawan da ya shafe shekaru yana wannan gwagwarmaya, kuma ya gana da Lincoln a fadar White House, ko inuwarsa ba mu gani ba. Sai ka ɗauka turawa ne suka yi wa bayi kyauta alhali su suna zaune. Na biyu, an nuna wakilai biyu na jihar Connecticut sun ƙi amincewa, alhali duka huɗun da jihar ke da su sun amince. An yi haka don a ƙara zaƙin labari, amma mai fim ɗin tarihi ba shi da hurumin ɗora wa mutane ƙuri'ar da ba su kaɗa ba. Na uku, fim ɗin ya zarce inda ya kamata ya tsaya. Da an rufe a inda Lincoln ya juya baya ya nufi gidan wasan da aka harbe shi ranar 14 ga Afrilu 1865, da ya fi ratsa jiki.

Namu yana Rabah

Yanzu mu dawo gida, domin ba don Amurkawa na yi wannan sharhi ba. Maƙwabciyar Wurno ita ce Rabah, inda aka haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Hotonsa yana kan takardar naira 200, yana bayan motocin haya, makaɗa sun wasa shi. Amma tambayi matashi yadda Sardauna ke tafiyar da aikinsa na yini guda, ko wace shawara ce ta taɓa hana shi barci, sai ya yi shiru. Mun san rawanin, ba mu san teburin ba.

Ga marubucin da ke kukan rashin labari, ga fitowa huɗu kyauta.

Ta farko, 1934. Matashin malamin makarantar Midil ta Sakkwato, wanda ya gama Kwalejin Katsina a 1931, an naɗa shi Sarkin Rabah. Aikin uban ƙasa a wancan zamani shi ne ƙidayar masu biyan haraji, da jangali, da rangadin ƙauyuka a kan doki, da sauraren rigimar gona da burtali, ga Sarkin Musulmi a sama, ga Baturen mulki a gefe. Wannan ita ce tamu rigimar rumfar.

Ta biyu, 1938 zuwa 1943. Sarkin Musulmi Hassan ya rasu, Ahmadu ya nemi gadon, aka naɗa Abubakar na III. Shi kuma aka ba shi Sardauna, aka tura shi Gusau. A 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, kotun Sarki ta yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Mutanen nan biyu daga baya sun yi aiki tare shekara da shekaru, ɗaya yana sarki ɗaya yana Firimiya. Wane marubuci ne zai ga wannan ya ce babu fim a ciki?

Ta uku, 31 ga Maris 1953, a Majalisar Wakilai ta Legas. Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya nemi a cire shekarar, a bar shi sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a titin Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka. Ga majalisa, ga lissafin ƙuri'a, ga jini. In darakta ya iya aikinsa, kawuna zai zauna wa wannan ma har ƙarshe.

Ta huɗu, 1963. Bayan binciken da D.J.M. Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, Sarki Muhammadu Sanusi ya sauka daga gadon sarauta ya koma Azare. Sanusi jigo ne a jam'iyyar NPC, kuma na kusa da Firimiya. Daren da aka yanke wannan shawara a Kaduna shi kaɗai ya isa fim.

Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Sardauna ya bar littafin tarihin rayuwarsa, My Life, a 1962, John Paden kuma ya fitar da ƙaton littafi a kansa a 1986. Amma sharaɗin shi ne wanda Spielberg ya cika rabi ya bar rabi: a nuna mutum da alherinsa da aibunsa, kuma a ba ɗaya ɓangaren baki. Fim ɗin Sardauna da za a nuna Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 amma a ɓoye 'yan NEPU da suka sha ɗauri a kotunan alƙalai, ko rikicin ƙasar Tibi na 1960 da 1964, waƙar yabo ce aka yi wa hoto. Malam Aminu Kano shi ne Douglass ɗin wannan labari. Kada a bar shi a waje.

Na san abin da furodusa zai ce: akwai zuri'a, akwai masarautu, akwai hukumar tace finafinai, kuma wa zai zuba kuɗinsa a fim ɗin da ba soyayya? Uzurin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda aka fara a 2019, ya nuna cewa Bahaushe zai zauna ya kalli siyasar ofis. Sani Mu'azu a matsayin Gwamna Bawa Maikada da Ado Ahmad Gidan Dabino a matsayin Malam Adamu sun riƙe masu kallo da taron sirri da cinikin muƙami. Amma Alfawa ƙirƙirarriyar jiha ce, ba mai jin haushi. Matakin da ya rage shi ne a kira mutum da sunansa, a bi tarihi da amana.

Me ya sa abin ya dame ni?

Saboda jama'ar da ba ta taɓa ganin yadda ake aikin mulki ba, ba ta san abin da za ta tambayi mai mulki ba. Dubi Goronyo. Madatsar ruwan da aka kammala a 1984 a kan kogin Rima ita ke riƙe da noman rani na yankin. Ranar da za a saki ruwa da yawan da za a saka, a kan tebur ake yanke su. Manomin da ambaliyar 2010 ta cinye wa gona, da iyalan waɗanda 'yan bindiga suka kashe a kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, duk akwai takardar da ta shafe su a wani ofis, akwai wanda ya karanta ta ko ya bar ta a ƙarƙashin wata. In abin da allo ya koya mana game da shugaba shi ne jerin gwanon motoci da rabon kuɗi, to da jerin gwano da rabon kuɗi za mu auna shi ranar zaɓe.

Abin kunyar ma shi ne ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A Wurno ɗin da na kalli fim ɗin nan kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, kakan kakannin gidan su Sardauna, wanda ya rasu a 1837. A littafinsa Usulus Siyasa ya lissafa wa mai mulki aikinsa dalla-dalla, har da kula da masu sana'a, da kasuwanni, da hanyoyi. Wato tun Lincoln yana saurayi, an riga an rubuta a ƙasar nan cewa mulki aikin yau da gobe ne.

Mai karatu, in ka samu Lincoln ka kalla, ka yi haƙuri da yawan maganarsa, rabin sa'ar farko ce mai nauyi. Marubutanmu da daraktoci kuwa, ku kalle shi da biro a hannu. Washegari da safe, muna ɗaure buhunan albasa, kawuna ya tambaye ni ko akwai irinsa na Sardauna ya kalla kafin in koma. Na ce masa tukuna. Ya ce to in gaya wa masu yi su hanzarta, shi ba yaro ba ne. Ga shi na isar.