Ɗiga ba tsiyaya ba ce

A littattafan soyayyar da nake karantawa a rediyo, komai "zuba" yake yi: hawaye, jini, gumi. Lalaci ne. Abin da ke ɗiga ana iya ƙirga shi, kamar ɗigo 2 na rigakafin shan inna a bakin yaro. Tsiyaya kuwa siririn zare ce, ba ta yankewa. Gumi tsattsafowa yake yi. Yoyo kuma laifin mazubi ne, shi ya sa ake cewa yoyon fitsari.

Ran nan na karanta inda jini ke "zubo" wa wata mai ciki, sai wata dattijuwa ta bugo daga Maraɗi: "Ɗana, ɗiga yake ko tsiyaya? In tsiyaya ce, me mijinta ke jira?" Na sake duba shafin, marubucin bai faɗa ba.