Tarihin Kanar Tanja Mamadu: tsakanin yabo da hisabi

Tun rasuwar Tanja Mamadu a Yamai, ran 24 ga Nuwamba 2020, labarin rayuwarsa ya kasu gida biyu. Na farko jerin muƙamai ne irin na takardar aiki. Na biyu yabo ne na baka, wanda ake ji a majalisu daga Madarunfa har zuwa Ɗan Isa, inda sunansa ya zama "Baba Tanja". Duka biyun suna da gaskiya a cikinsu, amma duka biyun sun gaza a matsayin tarihi.

Jerin muƙaman ba shi da wuya. An haife shi a Maine-Sorowa a 1938. Yana cikin hafsoshin da suka kifar da Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974, ya kuma zauna a majalisar ƙoli ta soja ƙarƙashin Seyni Kunce. Ya shugabanci jahar Maraɗi daga 1976 zuwa 1979, lokacin da Madarunfa take ƙarƙashin ikonsa. Daga nan ya zama ministan cikin gida, ya riƙe jahar Tawa, ya tafi jakadanci Nijeriya, ya sake dawowa ma'aikatar cikin gida a 1990. Aibin wannan jeri shi ne ba ya tambaya. Yana faɗin kujerar da mutum ya hau, ba ya faɗin abin da ya faru yana bisa kanta. Kashe-kashen Cintabaradan na watan Mayu 1990, alal misali, sun auku yana ministan cikin gida, kuma tarihin da ya tsallake wannan wuri ya bar giɓi.

Yabon baka ya fi jerin rai, domin daga ƙwaƙwalwar talaka yake fitowa. Manomi yana tuna shugaban da aka zaɓa a 1999 da 2004, wanda shirinsa na musamman ya gina azuzuwa da ƙananan gidajen magani da rijiyoyi a karkara. Wannan shaida ce da babu mai ikon sharewa. Sai dai mai yabo ba ya ƙirga asara. A 2005, lokacin da ƙarancin abinci ya tsananta a jahar Maraɗi, yara masu tamowa suka cika cibiyoyin jinya, shugaban ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar. A 2008 gwamnatinsa ta dakatar da aikin ƙungiyar likitoci ta MSF reshen Faransa a Maraɗi. Iyayen yankin Madarunfa su ma shaidu ne, ba a kuwa cika sa muryarsu cikin labarin ba.

Inda masu ba da labarin suka fi rauni shi ne shekarar 2009. Wasu kan nuna Tazarce kamar tuntuɓe ne da ya zo wa dattijo a ƙarshen tafiya. Amma wanda ya karanta rayuwar daga farkonta zai ga zare ɗaya: hafsan da ya koyi mulki a zamanin da umurni ba ya jiran shawara, shi ne ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agusta 2009. Halin da ya sa aiki ya gudana da sauri a karkara, shi ne kuma ya ƙi jin "a'a". Ran 18 ga Fabrairu 2010, sojojin Salu Jibo suka sauke shi ta hanyar da shi da abokansa suka buɗe a 1974.

Abin da ke wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu a bayyane yake. Ɗaliban da ke aji yanzu ba su san mulkinsa ba, sun kuma ga soja sun sake karɓar iko ran 26 ga Yuli 2023. In an ba su yabo kaɗai, za su ɗauka kaki shi ne maganin kowace cuta. In an ba su zargi kaɗai, za su ƙaryata iyayensu da suka sha ruwan rijiyoyin. Darasin da ya dace shi ne a ajiye musu azuzuwan da yunwar da Tazarcen a faifai guda, a koya musu awo.