Labarina a Bakin Ƴan Babbar Kasuwa

Babbar Kasuwar Yamai, wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake gina ta, ta daɗe tana sayar da finafinan Kano, tun zamanin kaset har na faifai. Yanzu fim ya koma cikin wayar salula, amma shari'arsa a rumfa ake yin ta, tsakanin shayi na farko da na uku.

Shirin Labarina na Aminu Saira, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2020, ya sha irin wannan shari'a. Dattawa sun ce waya da fim ne suka koya wa ƴan mata raina talaka. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Sumayya, ƴar talakawa da masu nema suka yi wa caa, ba waya ce ta jefa ta cikin ruɗani ba. Talauci ne, da tsadar aure. Abin mamaki, masu yanke hukuncin su ne ke sayar da atamfa da shaddar da ake cika akwatin lefe, sun kuma fi kowa sanin farashinsu.

Samarin da ke buga lido a waya sun fi kusa da gaskiya da suka ce shirin ya cika jan rai. A YouTube yawan kallo ne kuɗi, don haka maganar da za ta ƙare a zama ɗaya sai a ja ta makonni, marubuci yana jinkirta aure kamar mai jiran kaya su yi tsada.